Kwalbar Ranar Suna

Tun da na dawo daga Malesiya ba a bar ni na huta ba. A ofis, a gidan biki, har a bakin rumfar mai kayan miya sai an tare ni: "Rakiya, ya Kuala Lumpur?" Wasu da zuciya ɗaya suke tambaya, na sani. Amma yawancinku ba dogayen benaye ne suka dame ku ba, ba kuma jirgin ƙasan da ke tafiya babu direba ba. Labarin kwalba kuka ji, kuna so ku ji shi daga bakina. To, ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, in kuma kun ji muryata tana tashi ku yi haƙuri, har yau raina bai gama sauka ba.

Jego ne ya kai ni. Ƙanwata Zulai tana can da mijinta Malam Nasiru, malamin jami'a ne da aka tura karatun digiri na uku. Mahaifiyarmu ta rasu, don haka da cikin Zulai ya tsufa ba wanda za a duba sai ni. Na tafi na bar 'yata Ummi an kawo kuɗin gaisuwarta, saura sa rana. Da na je sallama, uwar yaron da zai aure ta ta ce da ni, tana murmushi, "Ai ga babbar yayarsa can, Maman Haidar, mijinta ma karatu yake. Sai ku san juna." Ni ba yarinya ba ce. Na gane cewa sauran binciken da ba a gama a Kano ba, a can za a ƙarasa shi, kuma a kaina.

Hanya dai ba a cewa komai. Muka yada zango a wata ƙasar Larabawa, na zauna kan kujerar ƙarfe har ƙafafuna suka kumbura. Da muka sauka Kuala Lumpur, duk mai koren fasfo aka ware shi gefe, Turawa suna wuce mu da gajerun wanduna ko kallo ba a yi musu. Wurin binciken kaya kuma wata ma'aikaciya mai ɗankwali ta buɗe akwatina, warin daddawa ya buge ta, ta ja da baya. Kuka da yajin jego ta bar su. Kanwa ce ta tsaya mata a rai. Ta ɗaga ƙullin tana juyawa, ta kira wani, shi ma ya kira wani. Da na ga abin zai zama magana sai na ɓalli kaɗan na lasa a gabansu, na ce kunu ake yi wa mai jego da ita. Suka yi dariya suka mayar mini. Kilishin da na yo wa Zulai kuwa ko musu ba a yi ba, aka ɗauke.

Gidansu yana unguwar Taman Melati, can sama a wani dogon bene. Ba tsakar gida, ba murhu, ba inda za ka girka tukunyar wanka. A kan gas na riƙa dafa ruwa, ina jigilarsa a bokiti zuwa wani ɗan banɗaki da in ka juya sai ka bugi bango. Maƙwabciyarmu Bamalayiya ce, ita ta gaya mini su ma suna jego, suna ɗaure cikin mai haihuwa da dogon ƙyalle, suna hana ta ruwan sanyi. Nan na ji sun shiga raina. Abincinsu ne muka daɗe ba mu shirya ba. Mutanen nan har a miya suna zuba sukari, kuma da sassafe shinkafa suke ci, wadda aka dafa da madarar kwakwa, da gyaɗa da ƙananan kifi a gefe. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da suke mutuwar so, ranar da aka shigo da shi benen na rantse ɓera ne ya mutu a bayan firji.

Maman Haidar ta zo gaishe ni tun ban warware gajiya ba. Mace ce mai fara'a, amma idonta ba ya wuce komai. Ita ce shugabar matan 'yan Najeriya a unguwar, ba a suna ba a walima sai da ita. Ta kai ni kasuwar Jalan Masjid India muka zaɓo wa Ummi mayafai da yadika, ta nuna mini inda Indiyawa ke sayar da ganyen darbejiya don wankan Zulai. A hanyar dawowa ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, na gaya wa Umma, gidanku gidan mutunci ne." Na ji sanyi har cikin ƙashina.

Zulai ta sauka lafiya, namiji. Ana cikin satin suna, ina tsaye a kicin ina dama kunun kanwa, sai ga Malam Nasiru yana sosa ƙeya.

"Yaya, wata 'yar alfarma nake nema."

Wai akwai wani Farfesa, tsohon Bature ɗan ƙasar Fotugal, da zai shigo garin. Da kayan binciken mutumin Nasiru ya yi aikinsa, kuma sai ya sa hannu kafin a ba shi damar kare digirin. Tallafin karatu ya zo ƙarshe. In ba a samu hannun nan ba, sai dai su tattaro su dawo gida haka nan. Malamin da ke duba aikinsa, Bamalaye, ya ce masa a fitar da baƙon cin abinci wurin da ke da giyar inabi mai kyau, don tsohon masaninta ne, ba ya shan ta gangan. Shi Bamalayen ya ce ba zai iya ba, Musulmi ne, an san shi.

Na ce, "Kai kuma fa? Kirista ne kai?"

"Haba Yaya. Kin san ni nake jan salla a musallarmu. In aka gan ni ina yawon tambayar giya ai na kaɗe. Ke kuwa baƙuwa ce, ba wanda ya san ki. Kuma kin yi aiki da Turawa."

Aikin da na yi da Turawa shi ne kama musu ɗaki a otal lokacin da nake wata ƙungiya mai aikin riga-kafi. Ban taɓa saya wa kowa ko kofi ɗaya ba. Na ce masa, "Maman Haidar fa? Ka manta abin da ke tsakaninmu?" Ya ce ai ita ba ta zuwa irin waɗannan unguwanni. Na leƙa ɗaki. Zulai tana kwance da jariri a ƙirji, ta ji komai, ta dai dube ni. Shekaru ta yi a ɗakin nan tana jiran digirin mijinta. Saboda wannan kallon na ce to. Ku lura da yadda abin ya gangaro: babba ya tura wa ƙarami, ƙarami ya duba duk gidan bai ga wanda mutuncinsa ya fi araha ba sai yayar matarsa.

Farfesan ma ba kanwar lasa ba ne. Ya aiko da sharuɗɗa. Ba ya son mashayar otal. Yana son wurin da ake adana kwalabe a ɗaki mai sanyi, don zafin garin yana lalata su. Yana son a ga shekarar kowace kwalba a rubuce, kuma a samu wanda ya san abin da yake sayarwa. Nasiru ya karanta mini daga wayarsa, sannan ya goge saƙon a gabana, kada ya zauna masa a waya.

Farkon wautar da na yi, na sauka shagon mamak da ke ƙasan benenmu, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na tambayi mai karɓar kuɗi ko ya san inda ake sayar da giyar inabi mai kyau. Yaron da ke jan shayi daga kofi zuwa kofi ya tsaya cak, shayin ya zuba a ƙasa. Mai shagon ya ɗaga yatsa ya nuna mini tambarin halal a bango. Ban sake shan shayi a wurin ba har na bar ƙasar.

Washegari na shiga jirgin ƙasa. A tashar Masjid Jamek na hau wanda ba shi ba, na tsinci kaina a Titiwangsa, ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tari tasi. Direban dattijo ne Bamalaye, da ya ji inda za ni da abin da nake nema, ya dube ni ta madubi, ya dubi hijabina, ya fara nasiha. Da ɗan Turancinsa ya tuna mini mutuwa, ya tuna mini kabari, ya ce shi ma yana da 'ya kamata. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ba ni ya kamata ya gaya wa ba. Wanda ya kamata ya ji yana can ɗakin karatu cikin sanyin na'ura.

A unguwar Bukit Bintang kuwa na ga wulaƙanci. Duk ƙofar da na nufa sai mai gadi ya tare ni da ladabi: "Madam, nan ba halal ba ne." In ce na sani, ya ƙara kallona. Wani wurin kiɗa ne kamar zai fasa kunne, da na leƙa sai ga samari 'yan Najeriya a tebur, ɗaya ya ɗaga murya, "Mama, you miss road?" Na ja mayafi na rufe fuska na fito, ina addu'ar kada a samu Bakano a cikinsu. Wani wurin littafin giyarsu bai wuce shafi ɗaya ba. Wani kuma sun jera kwalabe a taga don ado, rana tana dukansu. Na juya na fita ina cewa a raina ai waɗannan sun lalace. Sai da na kai bakin titi na tsaya. Ni Rakiya, da ko warin abin ba na so, yau ni ce na san wadda ta lalace da wadda ba ta lalace ba. Haushi ya kama ni har sai da na yi ƙwalla.

A unguwar Bangsar na dace, wani tsohon gida da aka mayar gidan abinci. Wata 'yar Sin ce mai kula da giyar, gajeruwa mai furfura. Ba ta tare ni a ƙofa ba, ta dai tambaya, "Ke za ki sha?" Na ce Allah ya kiyaye, baƙo ne. Ta ce ta saba, Musulmi da yawa suna zuwa kama wa iyayen gidansu tebur. Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi kamar na ajiye gawa, kwalabe kwance a jere, ta kawo littafi mai kauri, kowace da ƙasarta da shekararta. Na ce shi ke nan, an samu. Ta ce da sunan wa za a kama teburin? Na kira Nasiru a waya. Ya ce, "Sa naki kawai, Yaya."

Ran cin abincin na ce na gama nawa. Ya ce ina, ai teburin da sunana yake, kuma in an gan shi shi kaɗai da Bature da kwalba me zai ce? Bayan magariba muka tafi. Liman guda ya sa hular hana salla da takunkumin fuska, ya zaɓi kujerar da ta ba ƙofa baya, ya bar mini mai kallon jama'a.

Farfesan dattijo ne mai kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya buɗe littafin nan fuskarsa ta washe, suka yi ta magana da 'yar Sin kamar sun haɗu da ɗan garinsu. Aka kawo kwalba. Ashe a al'adarsu mai masaukin baƙi ake fara zuba wa kaɗan ya ɗanɗana, ya ce ta yi. Mai masauki kuwa shi ne mai sunan tebur. Kafin 'yar Sin ta ankara, yaron da ke hidima ya tsiyaya jan abin nan a kofin gabana ya koma gefe yana jira. Na sa bayan cokali na tura kofin gaban Farfesa. Ya ɗauka, ya juya shi a hankali, ya kai hanci ya shinshina, ya lumshe ido, sannan ya kurɓa. Ya ce shekaru rabonsa da samun irin wannan a nesa da gida. Wa ya zaɓi wurin nan?

Nasiru ya ga tsoho ya ji daɗi, sai bakinsa ya buɗe. "Yayarmu ce. Ai ta san waɗannan abubuwa sosai, ta daɗe da Turawa. A waje ne dai ba ta sha, ka gane, saboda mutane."

Da kunnena na ji. Farfesa ya dube ni da girmamawa ya gyaɗa kai, wai ya fahimta. Kun san tarbiyyarmu, ba a ƙaryata suruki a gaban baƙo, balle baƙon da abincin gidan ƙanwarka ke hannunsa. Na yi kara, na haɗiye, na ci gaba da tsakurar kifina. A mota na ce masa, "Malam Nasiru, me ka ce da mutumin nan?" Ya ce, "Yaya, magana ce kawai ta tebur. Gobe ma ya manta." Washegari aka sa masa hannu.

Ranar suna gidan ya cika, yaro ya ci sunan Amir. Maza suna waje a baranda, mata muna ciki, an yi waina da miyar taushe, har maƙwabciya Bamalayiya ta shigo. Kun san yadda muke yi da kayan barka: a tara a gado, a samu mai baki ta riƙa buɗewa tana ɗagawa, tana faɗin wanda ya kawo, ana sa albarka. Mai bakin a can ita ce Maman Haidar. Tana cikin ɗaga rigunan jarirai sai aka ce ga ɗan aike a ƙofa yana neman Madam Rakiya. Aka miƙo wani dogon akwatin katako da jan zare. Wata ta ce turaren wuta ne, irin mai tsadar nan. Wata ta rangaɗa guɗa. Ni ma wallahi turare na zata.

Maman Haidar ta kwance zaren, ta zaro kwalba, ta ɗaga sama yadda ta ɗaga sauran kaya. Sai da hannunta ya kai sama ta karanta abin da ke jiki. Matar nan tana da digiri biyu, ba ta bukatar a fassara mata.

"Hajiya," ta ce a hankali, "wannan naki ne?"

Na ce a kira mini Malam Nasiru. Ya zo bakin ƙofa da babbar riga, hannunsa da maiƙon nama. Ya ga kwalbar, ya ga mata. Na zuba masa ido ina jira. Magana ɗaya ce za ta wanke ni, kuma ya san ta.

Ya ce, "Subhanallahi. Ina jin baƙon jami'armu ne. Yaya ce dai suka saba da shi, ita ta san inda ta kai shi. A zubar da ita, don Allah." Ya juya ya koma wurin maza.

Ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba. Na buɗe baki zan tona shi, sai na ga Zulai a ƙuryar gado da jan lalle da jariri, ranar sunan ɗanta, a ƙasar da ba ta da kowa sai mutumin nan. Na rufe bakina. Kafin la'asar mata sun watse. Kafin in kwanta Ummi ta kira ni daga Kano tana kuka, wai gidan su yaron sun aiko a ɗan dakata da maganar sa rana.

Ban zubar da kwalbar ba. Na ɗauke ta da tsumma, na shiga ɗakin karatunsa, na dasa ta a tsakiyar tebur, kan takardun digirin. Na ce, "Ga kayanka. Ba mai taɓa ta sai ka je ka gaya wa Maman Haidar ko ta wa ce." Ya ce Zulai ta ɗauke. Zulai, wadda ban taɓa jin ta musa masa ba, ta ce, "Ni jego nake, ba na ɗaukar kaya." Shi kuma ba zai iya sauka da ita ba, don a lif ɗin benen ba ka rasa ɗan musallarsu. Ko ya juye ta a makwarara, kwalbar fa? Haka ta zauna. In abokansa sun zo sai ya kulle ɗakin ya ce ana gyara. Ni kuwa na ci gaba da dafa ruwan wanka, ina ba shi abinci, ba na ce masa komai sai amsa gaisuwa.

Sai da aka kusa arba'in, ya ga da gaske na fara haɗa akwati kuma na ce daga filin jirgi gidan mahaifinsa zan wuce, sannan ya je. Zulai ta matsa aka tafi da ita don ta ji da kunnenta. Ta ce ya yi ta kewaye-kewaye, wai an samu rashin fahimta, sai da ta ce, "Baban Amir, ka faɗa yadda aka yi," sannan ya faɗa. Maman Haidar ta zo har gida ta ba ni haƙuri, ta kira uwarta a gabana. Na gode mata. Sai dai matan da suka ga an ɗaga kwalba sun fi a ƙirga, waɗanda suka ji an wanke ni kuwa ba su cika tabarma ɗaya ba. Nasiru yana nan yana jan sallarsa, yanzu ma Dakta ake ce masa.

An sa ranar Ummi, alhamdu lillahi. Watan jiya dangin ango suka kawo lefe. Na yi musu girki na gani na faɗa, na haɗa zoɓo da kaina, da citta da kanumfari, na sa a firji ya yi sanyi. Na zuba wa kowa a kofin gilashi. Ana ta raha, ana buɗe akwatuna. Ina miƙa wa gwaggon yaron nata, ta karɓa ta yi godiya. Ta ɗauka na juya. Ina kallonta ta ɗaga kofin, ta dubi jan da ke ciki, ta kai hanci ta shinshina, sannan ta sha.